Rabon Faɗa a Shagon Taliya

Mijina mai raba faɗa ne tun muna Kaduna. Idan ƴan acaɓa suka kaure a bakin layi, shi ake kira. Ya san kan abin: ka zagaya ta baya, ka rungume wanda ya fi zafi a ƙugu. Zai yi ta ihun "ku sake ni in kashe shi!" amma a ransa godiya yake yi maka, don ka fitar da shi kunya. Da muka ƙaura ƙasar Turawa, na sha gaya masa nan Port Richmond ne, ba Sabon Tasha ba. Sai ya yi dariya ya ce mutum mutum ne ko'ina. A lokacin motar kai marasa lafiya asibiti yake tuƙawa, da idanunsa muke cin abinci.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci muka shiga ɗan shagon taliyar Japan da ke kusa da gidanmu, wadda suke kira ramen. Wurin matsattse ne, doguwar kanta ɗaya da kujeru a jere, tukunyar romo tana tafasa a gabanka. Ni na matsa mu je, kwaɗayin romon nan mai kauri da dafaffen ƙwai ya kama ni. Shi kuwa kullum sai ya roƙi cokali mai yatsu maimakon tsinkaye biyun da suke cin abinci da su, wai da gemunsa ba zai ci abinci da tsinke ba.

Mun fara ci ke nan wani mai kai abinci a keke ya shigo da ƙatuwar jaka a baya. Garin juyawa jakar ta ture kwanon wani ƙato da ke zaune kusa da ƙofa, romo ya malale masa a cinya. Ƙaton ya miƙe, ya kai wa mai keken naushi a baki. Mai keken ya faɗi, ƙaton ya bi shi da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari, jini yana ɗiga a ƙasa. Kowa ya ja da baya, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Tsohon da ke dafa taliyar yana ta ihu daga bayan kanta.

Na ga mijina ya ajiye cokali. Na damƙi rigarsa.

"Baban yara, zauna. Ba ruwanka, an kira police."

"Kafin su iso ya kashe ɗan mutane. Cika ni."

Mai rabon shan duka ba ya jin bari. Ya fizge, ya zagaya ta baya kamar yadda ya saba, ya rungume ƙaton yana ba shi haƙuri da Turanci. Ƙaton bai ce a sake shi ba. A wurinsa, wanda ya riƙe ka ta baya abokin gaba ne na biyu. Ya jefa ƙeyarsa baya, na ji ƙarar karan hancin mijina. Ya juyo, ya suri kwanon tangaran cike da romo, ya rotsa masa a fuska.

Ban san lokacin da na ɗauki kujera ba. Na maka wa ƙaton a gadon baya, na ƙara, da ɗankwalin cocina a wuya, ina zaginsa da Hausa har uwar da ta haife shi. Ya fita da gudu. Mijina yana durƙushe, hannunsa a idon hagu, jini da taliya suna bin yatsunsa.

Idon bai dawo ba. Tuƙi ya ƙare, yanzu ninke zannuwa yake yi a gidan kula da tsofaffi. Na daɗe ina jin haushinsa, kuma ina jin tausayinsa, har ba na iya kallon gefen nan na fuskarsa.

Bara muka sake shiga shagon. Tsohon ya gan shi, ya ajiye masa cokali mai yatsu ba tare da an roƙa ba. Muna cikin ci hayaniya ta tashi a bakin titi, maza biyu sun shaƙe juna. Mijina ya ajiye cokali, ya miƙe. Na zagaya ta baya na rungume shi a ƙugu.

"Sake ni," ya ce.

Ban sake shi ba. Shi ma bai fizge ba.