Kambin da Saveta Ta Ƙi Kitsawa

Shekara arba'in da ɗaya Saveta tana kitsa kambin furannin da ake ɗora wa yaron da ya zo na ɗaya a kowane aji, ranar da makarantar ƙauyenmu ke rufewa a watan Yuni. Nata kan kuwa bai taɓa ganin kambi ba. Tana yarinya lissafi ya ƙi ta, uwarta kuma ba ta da waƙar da ta wuce "Dubi 'yar goggonki." Wannan dubin ne ya fitar da ita daga makaranta a aji huɗu, shi ne kuma ya raba ta da 'yar goggon, har matar ta mutu Saveta ba ta taɓa taya ta murna da zuciya ɗaya ba. Ta san ciwon, ta kuma tsane shi.

Mu mutanen nan muna da wani hali mai ban haushi. Yaro ɗan shekara bakwai, ko famfara bai gama ba, sai mu jera shi da sa'o'insa kamar 'yan maruƙa a kasuwa, mu ɗaga ɗaya sama, sauran ashirin su tafa. Sannan mu koma gida muna mamakin inda yara suka koyo hassada.

Bana abin ya shigo wa Saveta har gida. Jikarta Ilinca ta gama ajin farko ta zo ta goma sha ɗaya, kambin kuma ya faɗa wa Smaranda, 'yar maƙwabta, wadda kullum suke tafiya makaranta tare. Rodica, uwar Ilinca, matar ɗan Saveta, ta yi kwana uku tana yi wa yarinyar wankin babban bargo. "Ita kai biyu gare ta? Ba tuwon masara ɗaya kuke ci ba?" Ilinca ta daina gaida ƙawarta. Da Saveta ta ji ta tana gaya wa kyanwa cewa Allah ya sa zazzaɓi ya kama Smaranda ranar bikin, sai ta tuna da kanta da 'yar goggonta.

Ana jibi biki Rodica ta sami Saveta a lambu. "Inna, ki ƙara kitsa ɗaya. Mu ɗora wa Ilinca a nan, mu ɗauki hoto mu tura wa babanta Italiya. Wa zai sani?"

"Ita za ta sani," in ji Saveta. "Kin gama gaya mata ba ta kai 'yar mutane ba, yanzu kuma za ki koya mata sai da ƙarya ubanta zai yi alfahari da ita?"

"To me ta iya, Inna? Ki faɗa min abu ɗaya."

Saveta ta ji kamar ta kwaɗa mata kwandon hannunta. A ce uwa ba ta san 'yarta ba! Yarinyar da ta san inda kowane fure ke fitowa a kan tudu, ta san wanda zai yi yaushi kafin rana ta take, in kuma ta ƙulla zare sai dai a yanke shi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma Rodica kiwon maƙwabta kawai take gani.

Washegari da safe Saveta ta kira Ilinca, ta nuna mata yatsunta da sanyin ƙashi ya kumbura. "Na sauran azuzuwa zan lallaba. Na ajinku ke za ki kitsa."

"Na Smaranda? Kaka, sai na sa mata ƙaya a ciki."

"Sa mata mana. Sai dai duk wanda ya gani zai ce aikin Ilinca ne."

Rodica ta leƙo ta taga. "Wato ki mai da min 'ya baiwar 'yar maƙwabta?"

"Ni shekara arba'in baiwar wa nake, 'yar nan?"

Ilinca ta fara aikin tana zumɓura baki. Kafin rana ta yi tsaka ta manta da fushin, ta warware kitson har sau uku don bai yi mata ba. Saveta ba ta ce mata ta fi Smaranda ba, don ta san inda irin wannan yabon ke kai mutum. Ta dai juya kambin a hannunta ta ce, "Wannan ƙullin, ni sai da na yi aure na iya shi." Kuma gaskiya ta faɗa.

Ranar biki shugabar makaranta ta kira Smaranda ta ɗora mata kambin, aka tafa. Sai ga Ilinca ta fice daga layi ta haye dandamali. Saveta ta runtse ido, ta sakankance fizge shi za ta yi a gaban duk ƙauye.

"Malama, baibai kika sa shi," in ji Ilinca. "Shuɗin furen ne gaba. Ni na kitsa shi." Ta yi ɗage ta juya kambin, ta gyara wa Smaranda gashin da ya maƙale, ta ce mata, "Kada ki riƙa girgiza kai, zai zame." Ta sauko ta koma layinta tana tafi.

Rodica ta matso kusa da surukarta, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, da gaske ita kaɗai ta yi shi?"

Saveta ba ta ko dube ta ba. "A tsakar gidanki aka yi shi, yini guda cur. Kina can kina leƙen 'yar maƙwabta."