Fuskar Baba a Shuɗin Gilashi

A shekarun da masara ta fi ƙarfin talaka, mun sayar da tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙatuwar ƙeya, muka ci tuwo da kuɗinta. Na'urar bidiyo kuwa Inna ta hana a taɓa, saboda kaset guda ɗaya, na walimar dawowar Baba daga Makka. Nan kaɗai marigayin ya rage mana yana motsi yana magana.

Da yanar ido ta fara rufe ganin Inna sai ta matsa mana. "Ku nuna mini Malam kafin idon nan ya tafi."

Yayana da ke aiki a Kano ya aiko da wata talabijin ta hannu, siririya kamar faifai. Na zauna a tsakar gida riƙe da wayoyin bidiyo, ja da fara da rawaya, ina neman ramukansu a bayanta. Babu su. Rami ɗaya ne mai faɗin baki da ban taɓa ganin irinsa ba. Na juya ta, na kifa ta, har hura ramin na yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ni da nake kwance injin ban ruwa in mayar, ga abin kallo ya gagare ni.

Ranar kasuwar Tsanyawa na je wurin wani mai gyara. Ya ce, "Malam, bidiyonka analog ne, ita kuwa dijital kawai take karɓa. Shi hotonsa kwarara yake kamar ruwa, ita sai an ƙirga mata." Na yi ta gyaɗa kai, Allah ya sani ban gane komai ba. Ya ba ni wani ɗan akwati da zai haɗa su. Sai daga baya na ji cewa irin akwatin hanya ɗaya yake bi, kuma nawa daga dijital zuwa analog yake kaiwa, ba tamu hanyar ba.

Da hantsi muka ari janareton maƙwabci da ɗan guntun mai a ciki. Na jona komai, na saka kaset ɗin. Gilashin ya yi shuɗi, ya tsaya a haka. Na cire, na mayar, na sauya ja da rawaya, shiru. Don haushi na cusa farar wayar a bayan rediyonmu mai lasifika.

Sai ga tarin Baba, sannan muryarsa: "Ku ja tabarmar nan zuwa inuwa."

Inna ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin. "Ga shi nan," ta ce. "Dubi yadda tafiyar ta ramar da shi. Farar hular nan ni na wanke ta."

Ƙanwata da ke zaune a gefe ta dube ni, na dubi gilashin. Shuɗi ne fayau, ko inuwar mutum babu. Na rasa ko in faɗa wa Inna ko in yi shiru, kuma tausayinta ya cika ni.

"Ɗan ƙara hasken, ɗan nan," in ji Inna. "Fuskar ce ban gani sosai ba."

Na ƙara mata.