Kwaɗon da Ba Ya Jira

Hajiya Ummulkhairi ta unguwar Ka'akiyya a Makka ba ta taɓa barin mutum ya jira abinci a gidanta ba, kuma in ka zauna da ita kaɗan za ta gaya maka haka da bakinta, don a wannan fanni ba ta da kawaici ko kaɗan. Abinci ke jiran mutum, in ji ta. Kafin baƙo ya tuɓe takalmi an riga an zuba, an rufe, an lulluɓe da tawul.

Sana'a ce ta yi mata wannan tarbiyya. An haife ta a wani ƙauyen Hausawa a Sudan, inda hanyar Makka ta tsayar da iyayenta shekaru, aka ƙaraso da ita tana yarinya. Ta tashi a gindin tukunyar mahaifiyarta, mai dafa wa alhazan gida abinci, ta gaji tukunyar, ta tsufa a kanta. Duk wanda ya san Hajji ya san mota kan tashi daga Arfa da faɗuwar rana, amma isa Muzdalifa sai yadda Allah ya yi. Don haka Ummulkhairi ta ƙware a abinci mai haƙuri: dambu, tuwo ƙulle a leda, miyar kuka mai kauri, da kwaɗon zogale wanda ya sha ƙuli, irin wanda in ya ɗan jima a rufe ma ya fi shiga jikinsa. Mijinta Rabe, direban motar alhazai, shi ke jigilar kulolin. Yakan tsokane ta da cewa in aka ce mata baƙo zai zo baɗi, bana za ta ɗora sanwa. Ita kuwa ta ce ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk wannan ya wuce. Kamfanoni sun karɓe girkin alhazai, gwiwoyinta sun fara gardama da ita, Rabe ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yanta mata biyu aure ya kai ɗaya Jidda ɗaya Madina. Abin da ya rage mata shi ne Alhamis. Kowace Alhamis bayan Magariba ɗanta Majid, ma'aikacin wani kantin magani a unguwar Shisha, yakan kwaso matarsa Samah da 'ya'yansu uku su zo cin abinci. Tun Talata take fara shiri, sauran kwanakin mako kuwa jiran Talata take yi.

Sai dai akwai wani abu, Majid ɗan fari ne. Ummulkhairi ta tashi a hannun matan da ke kunyar ɗan fari, kuma ta riƙe abin gam. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi ƙafa da ƙafa, cin abinci a gabansa kuwa ko a mafarki. Yana ƙarami "yaron nan" ne, da ya haifi Hadil sai al'adar Larabawa ta cece ta, ya koma Abu Hadil. Ranar Alhamis takan shimfiɗa sufra, wato ledar cin abinci, a ƙasan falo, ta jera kwanuka, ta koma kicin ta zauna kan kujerarta ta roba. Daga can take amsa gaisuwa, daga can take tambayar ko gishiri ya ji. Nata kason yana gefe a rufe, sai sun tafi ta ci. Majid ya girma cikin abokai 'yan Hijaz waɗanda iyayensu mata ke rungume su a bakin titi suna kiran su "ya ƙalbi", wato zuciyata. Bai taɓa yi mata ƙorafi ba, ita ma ba ta taɓa tambayarsa yadda yake ji ba.

Matsalar ta fara daga yaran. Hadil, babbar, mai shekara goma sha shida, takan ci tuwo loma biyu don kada a ce ba ta ci ba. Ƙannenta ko wannan kara ba su da ita, sai su yi ta juya cokali a miya har ubansu ya gaji, a hanyar komawa ya tsaya ya saya musu soyayyar kaza. Wata Alhamis Majid ya zo ya tsaya a ƙofar kicin, ya yi gyaran murya, ya ce yana ganin wahalar ta yi mata yawa. Yara ba sa ci, ita kuma tana nan kicin, ta bayan bango ake magana da ita. Gara su riƙa ci a gida, su zo nan a sha shayi kawai.

Ta ce to, Allah ya yi albarka. Amma maganar ta tsaya mata a wuya. Ta san zuwan shan shayi sarai, ta ga yadda ya ƙare a gidajen maƙwabta: yau rabin sa'a, gobe a tsaitsaye, jibi a waya. Zancen kicin da bango da ya yi kuwa ta wannan kunne ya shiga ya fita ta wancan. Abin da ta ji kawai shi ne an raina girkinta, ita da ta ciyar da alhazan da ba ta san iyakarsu ba.

Ta roƙi a ba ta Alhamis biyu. Sannan ta ja Hadil gefe, cikin wasan kaka da jika, ta ce ke 'yar gayu, me kuke ci ne da ya fi tuwona. Hausar Hadil gurguwa ce, rabi Larabci, amma ta ciro waya ta nuna mata wani abu wai shi salak ɗin tako, abincin mutanen Maksiko, wanda suke ci a gidan wata ƙawarta. Ummulkhairi ta sa tabarau ta duba. Niƙaƙƙen nama soyayye da albasa, latas, tumatur, jan wake, masara, cuku, madara mai kauri da lemon tsami, sai kuma shibis, wato soyayyar masarar nan mai kusurwa uku da ake sayarwa a leda, an marmasa a kai.

"Wannan ai kwaɗo ne," in ji ta. "Ƙuli kawai suka rasa, suka sa abin leda."

Hadil ta so ta ƙara bayani, aka ce ta adana bayaninta. Yaushe jika za ta koya wa kaka kwaɗo?

Ranar Alhamis tun bayan Azahar Ummulkhairi ta gama komai. Ta soya naman da albasa da kayan ƙamshin nan kamun, ta barbaɗa masa yajin tsire irin nata, ƙamshi har bene na uku. Ta yanka latas siri-siri, ta tace wake, ta juye duka a babban kwano da naman yana tururi, ta zazzage shibis leda uku, ta cakuɗa sosai don ya shiga jikinsa. Ta rufe, ta lulluɓe da tawul, ta je ta yi La'asar hankali kwance.

Da aka buɗe kwanon bayan Magariba, to, sai dai a ce Allah ya kyauta. Latas ya yi laushi ya yi baƙi, cuku ya narke ya kama wake, shibis kuwa ya sha ruwan tumatur ya koma fate. Daga kicin ta ji falon ya yi tsit, ba ƙarar cokali. Samah ce ta yi ta maza ta ci, ta ɗaga murya ta ce naman ya yi daɗi. Naman, ba abincin ba. Ummulkhairi ta ji kunyar da rabonta da irinta tun tana amarya, ta kuma ji haushin Maksiko da duk wanda ke cikinta.

Ranar Asabar ta kira Hadil a waya, abin da ba ta saba ba, ta ce to malama, faɗi bayanin naki. Hadil ta ce laifin ba na hannunta ba ne, na lokaci ne. Shi wannan abincin ba a haɗa shi a ajiye. Kowane abu a kwanonsa ake kawowa, shibis ma ba a buɗe ledarsa sai an zauna, a haɗa a gaban masu ci, a ci nan take yana garas-garas. Ummulkhairi ta ce wane irin rashin ta-ido ne wannan, a kawo wa mutane abinci gutsi-gutsi kamar ba a san da zuwansu ba. Amma saura mata Alhamis ɗaya, kuma in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Suka shirya a kan ita za ta yi komai a kicin, Hadil ta haɗa a falo.

Alhamis ta zo. Ta jera ƙananan kwanuka bakwai a kan sufra, abin yana yi mata kama da shagon mai kayan miya. Naman kaɗai ta bari a wuta har ta ji tsayuwar motarsu. Ta kai shi, ta amsa sallama a tsaitsaye, ta koma kujerarta ta roba. Ta ma tuƙa ɗan tuwo ta rufe wa kanta, don ba ta ga alamar wannan tarkace zai riƙe ciki ba.

Shiru ba ta ji motsi ba. Ta tambaya daga kicin ko lafiya. Hadil ta amsa cewa wallahi ta manta awon, tana tsoron ta cika madara ta ɓata, gara Sitti, wato kakar, ta zo da kanta. Ƙarya ce tsagwaronta, yarinyar da ta haddace abin kamar Fatiha. Ummulkhairi ta ce uwarta ta haɗa. Samah ta ce ita ba ta taɓa yi ba. Sai ta ji muryar Majid, a hankali, yana ce wa ƙananan su ajiye cokali.

"Za mu jira ta," ya ce.

Jira. A gidanta. Mutum biyar zaune da yunwa, abinci a gabansu, nama yana hucewa. Ta duba kujerarta, ta duba ƙofa. Kunyar ɗan fari gado ce, amma barin mutane su jira abinci abin kunya ne da sunanta a kai. Ta gyara mayafi ta fita, da niyyar ta cakuɗa a tsaye ta juyo.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne sufra a ƙasa take. Sai da ta dafa kafaɗar Hadil ta durƙusa, gwiwoyin suka yi ƙara, ta zauna daɓas. Mai irin gwiwarta kuwa in ya kai ƙasa ba ya tashi don ya ga dama. Wurin da ya rage a sufrar ɗaya ne, kusa da Majid.

Ta sunkuyar da kai ta kama aiki. Latas a ƙasa, wake da masara, tumatur, nama da ɗuminsa, cuku, madarar da ta matse wa lemon tsami. Awo kam idonta ya ishe ta. Ta farke ledar shibis, ta damƙa, ta marmasa a kai da tafin hannu kamar yadda take yi wa ƙuli, ta juya sau biyu kawai, ta rarraba. Falon ya cika da garas-garas. Ƙananan ba su ɗago kai ba sai da za su miƙo faranti a ƙara musu, wai yajin Sitti ya fi na gidan ƙawar Hadil. Ta ji daɗi ƙwarai, ba ta nuna ba.

Ta fara laluben abin da za ta dafa ta tashi. Majid ya tura farantinsa tsakaninsu, ya ɗora cokali a gefenta. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, Abu Hadil ya ci abinsa, ita za ta ci daga baya.

"Ummi, wannan ba shi da daga baya," ya ce. "Kin ga yadda ya yi wancan makon."

Ita ce kuwa shaida. Ta ja mayafi ta kare gefen fuska, ta ɗebi kaɗan ta kai baki, da nufin ta haɗiye ba wanda ya sani. Ina! Shibis ba ya rufa asiri. Ƙarar taunarta ta fito fili, Hadil ta ƙunshe dariya, Samah ta harare ta. Majid bai yi dariya ba. Ya ajiye cokalinsa yana kallon farantin.

"Na haura arba'in," ya ce, "yau na fara jin kina cin abinci."

Sai a lokacin zancen bangon nan da ya yi a ƙofar kicin ya dawo mata, ta gane ba tuwonta ne kaɗai ya kusa kashe Alhamis ba. Tausayinsa ya kama ta, tausayin yaron da ya yi ta cin abincinta shi kaɗai alhali tana bayan bango tana sauraron cokalinsa. Kunya ba ta sake ta ba. Ta dai sake ɗiba, ta tura masa ɓangaren da ya fi nama.

Da aka kira Isha shi ya kama hannunta ya tashe ta. A bakin ƙofa ya tambaya ledar shibis nawa zai taho da ita mako mai zuwa, ta ce wa Hadil ta gaya wa ubanta huɗu, kuma kada ya sayo mai ɗanɗanon cuku. Sunansa dai har yau ba ta faɗa ba, kuma da wuya ta faɗa.

Bayan sun tafi ta shiga kicin ta tarar da tuwon da ta rufe wa kanta yana nan a ƙarƙashin tawul, da sauran ɗuminsa. Ta sa shi a firij don ɗumamen safe. Kujerar robar kuma ta ɗauke ta ta kai baranda, tunda tana tare mata hanya.