Ƙwaya Miliyan Ɗaya da Uku

Da mahaifinmu ya rasu a Tozai, malam ya raba mana gonaki cikin yini guda, babu wanda ya yi tari. Abin da ya kusa kashe zumunci tulun irin gero ne, irin da tsohon ya yi shekaru yana zaɓe zangarniya-zangarniya. Mu uku ne: Yaya, ni, da autanmu. Aka kawo tiya. Yaya ya ce tawa ta fi tozo, auta ya ce hannun Yaya na rawa in yana auna ta wani.

Sai muka kira kawunmu daga Sabon Birni, tsohon malamin lissafi, mutumin da ko gaisuwa yake yi sai ya ƙidaya "lafiya" nawa aka faɗa. Ya sauka daga babur ya ce, "Tiya maƙaryaciya ce. Ƙwaya-ƙwaya za a ƙirga."

Kwana goma sha tara muna kan tabarma. Ni har sallama nake amsawa da "ɗari bakwai da shida." Ruwan farko ya sauka, duk gari ya fita shuka, mu muna tsuguno da tsinke. Muka tashi da miliyan ɗaya da ƙwaya uku.

Kawu ya kwashi takardun buhun siminti ya shiga rabawa. Biyu ta ƙi, uku ta bar saura ɗaya, bakwai ta koma da kunya. Ya bi su har dubu. Rana ta uku ya fito yana hawayen murna.

"Ɗiyana, babanku waliyyi ne! Wagga lamba ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Kuma bayan miliyan ita ce ta fari a irinta. Ba a taɓa ta."

"Kawu, mi za mu shuka to?" in ji Yaya.

"Ku shuka haƙuri."

Ga hadari na biyu ya haɗo daga gabas. In ya wuce mu, bana sai dai mu ci lissafi. Na ce za ni duba ko akwai ƙwari, na ɗauki ƙwaya guda na haɗiye.

Kawu ya yi salati kamar na haɗiye masa jika. "Miliyan da biyu! Ka mai da ita gama-gari, ko shida na shigarta!"

"Uku fa?" na tambaye shi.

"Tana shiga, ɗan banza."

Yaya ya ce ai na ci rabona da ƙari, ya jefa guda a baki. Auta ya ce shi ba bawa ba ne, ya bi sahu. Saura miliyan cif, uku ta sake barin saura ɗaya.

Muka zuba wa kawu ido. An fara yayyafi. Ya daɗe yana kallon tulun, sannan ya lashi yatsa, ya ɗauko guda, ya ce bismillah, ya tauna da fushi.

Washegari da hantsi muka fita da sungumi, kowa da dubu ɗari uku da talatin da uku da ɗari uku da talatin da uku a ƙwarya. Kawu ya hau babur ko sallama bai yi mana ba, sai da babbar salla ya sake amsa gaisuwata.