Amsar da Ban Ba Kaka Ba

Wata Asabar da hantsi, a shekarar da na shiga aji bakwai, ina zaune a matattakalar bayan gidanmu a Springfield ta Amurka da katunan darasin Latin, tsohon harshen Rumawa, a cinyata, Kaka kuma tana tsugune tana tsinkar yakuwar da ta shuka a tsofaffin bokitan fenti. Mahaifiyar Babanmu ce, daga Zariya aka ɗauko ta, kuma tun ranar da ta sauka ta naɗa ni mijinta, irin wasan nan na kaka da jika. Ina ta nanata "lingua, linguae" kamar mai tilawa, sai ta ɗago ta ce, "Maigida, wannan karatun da kake yi tun safe, shi za mu zuba a miya?" Na gane sarai, har dariya ta taso mini, amma Hausar ramawa ta maƙale a wuya. Na ce mata da Turanci ina da jarrabawa.

Linguae, wato harsuna. Malamarmu ta ce da wannan kalmar Rumawa ke kiran maganar kowace al'umma, daga baya masana suka yi ta rubuta ta a bangon ƙamusoshi. Latin ɗin kansa, in ji ta, ya daɗe a coci da kotu da littattafan likitoci bayan ya bar bakin uwaye. Ni sarkin iyayi, har tausayinsa na ji! Ina haddace shi a motar makaranta, ina bita ina sharar ganye a tsakar gida, ga tsohuwa a gefena tana jiran kalma ɗaya.

Wasan nan ba na mutum ɗaya ba ne. Kaka ta jefo, jika ya rama. Shekara biyu tana jefowa. In na makara ta ce, "Miji sai barci, Allah ya haɗa ni da aiki." In barewa ta tsallako ta cinye mata kuɓewa, ni ne ragon da ya kasa tsare gonar matarsa. Ni dai murmushi, sai in sulale ɗaki, don ina jin kunyar karkatacciyar Hausata. Wata rana ta miƙo mini kwanon tuwo ta ce, "Ungo, Sadiku." Sunana na yanka, ba ƙari. Babanmu ya dube ta, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa daɗi ma na ji an daina tsokanata. Ban san sallamata aka yi ba.

Da sanyi ya dame ta aka mayar da ita gida, ba ta sake shekara ba ta rasu.

Yanzu ina Manassas, a Amurkan dai, da iyalina. Sai da na girma na durƙusa na sake koyon Hausa, kuma wallahi har yau abin yana ci mini rai. Lambar yabon da na ci a Latin tana cikin kwali, yakuwa tana cikin bokiti a bayan gida. Duk sanda na tsugunna tsinkarta sai amsar ta zo mini ba ko gargada: "Ai miyar taki ce ba gishiri, uwargida, shi ya sa na koma karatu." Da ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi. Amsar ta iso, mai tambayar ce ba ta nan.