Kaset na Huɗu

Ko tsufa zai cinye mini tunani, akwai wata Juma'a a Riyad da ba zai taɓa ta ba. A lokacin ina direba a gidan wani Balarabe a Nasiriya, ina kwana a Gubaira, ɗaki ɗaya da wani Badamagare mai wankin mota. Ni Bakano ne, don haka kullum cikin tsiya muke. Ya ce ni bawansa ne, in ce kakansa ma kakana ya yi wa dako.

Ni mutum ne mai son komai a kan layi. Ina da tsofaffin kaset na waƙoƙin sol, irin na baƙaƙen Amurka, waɗanda na gada wurin yayana, kuma tsohuwar motar da kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini a ƙasar, ya bar mini tana cin kaset. Duk wanda zai fara saurare a hannuna sai ya bi mataki. Na farko, masu ƙahonni da ganga, waɗanda ke sa ƙafa motsi ko ba ka so. Na biyu, matan nan da suka koyi waƙa a coci, masu muryar da ke cika mota. Na uku, mazan da ke waƙa a ƙungiya, ɗaya na bayarwa saura na amshi. Na huɗu kuwa mutum ɗaya ne da fiyano, muryarsa a dushe kamar ya kwana yana kira ba a amsa ba. Wannan ba na sa wa sabon shiga, don kunne ma sai ya nuna.

Badamagaren yana mataki na biyu. Kowace Juma'a da la'asar mukan ɗage gilasai saboda 'yan hai'a, wato hisbar ƙasar, mu yi ta zagaye muna ji. Kullum sai ya ce, "Bawa, sa mana na huɗun nan." In ce, "Bagidaje, ko rarrafe ba ka gama ba."

Ana cikin haka aka bugo masa waya daga Damagaram cewa mahaifiyarsa ta rasu. Kafilinsa ya yi tafiya da fasfo ɗinsa a kulle, babu mai buga masa bizar fita. Bai yi kuka ba, bai ci abinci ba. Ya zauna, ya tashi, ya buɗe jaka, ya rufe. Washegari da aka sauko daga masallacin Juma'a ya ɗauki jakar ya ce in kai shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Zai jefar da iƙamarsa, katin izinin zama, ya ce ba shi da takarda. Na san in ya yi haka ba shi ba dawowa, ga 'ya'ya a gida da bakinsu ke kan sosonsa da bokitinsa.

"An riga an binne ta," na ce masa. "Me za ka je ka tarar?"

"In ba ka kai ni ba, ƙafata za ta kai ni."

Na ce ya shiga mota. Na ɗauki hanyar Dira, na bi ta bayan Masmak, na sake fitowa inda na shiga. Na miƙa Nasiriya, na wuce ƙofar kafilina, na juyo. Ina tuƙi ina jero masa dalilai, na ɗaya, na biyu, na uku, shi kuwa ƙafarsa sai karkarwa take, hannunsa a kan murfin ƙofa. Duk danjar da ta tsayar da mu sai in sa masa ido, kada ya buɗe ya fice.

"Bakano, ka ɗauka ban san hanya ba? Shagon turaren can mun wuce shi ɗazu."

"Zahma ce," na ce, wai cunkoso nake kauce wa, alhali titi fayau yake.

Can sai ya ce, "To sa mini na huɗun. Tunda tafiya zan yi, in ji abin da ka yi ta yi mini rowa."

Na ce kiɗa bai dace da mai makoki ba, kuma ko na ukun bai kai ba.

Ya juyo ya dube ni. "Inna ta bi layi ne? Kakata na nan da ranta."

Na tura kaset ɗin.

Fiyano ya fara a hankali, mutumin ya shigo. Abokina ko kalmar Turanci ɗaya ba ya ji. Amma da aka zo inda muryar ke hawa ta karye, sai na ga ƙafarsa ta tsaya. Ya saki murfin ƙofa. Ya kifa kai a kan jakar ya fashe da irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Na gangara gefen titi na tsaya.

Da ya lafa, ya ce, "Wannan bawan Allah shi ma uwarsa ta mutu, ko?"

Ni na san budurwa ce ta guje shi. Na ce, "Ya dai yi rashi."

Aka kira magariba, na kashe kaset, muka shiga wani ƙaramin masallaci. Ya daɗe yana yi mata addu'a. Da muka fito ya jefa jakar a kujerar baya ya ce, "Bawa, kai ubangidanka gida. Ka tsaya ka saya mini shinkafa, tun jiya ka bar ni da yunwa."

Da kafilinsa ya dawo, abokina ya sami biza, ya je ya ga kabarin, ya komo bakin aikinsa.

Har gobe, in sabon mai saurare ya zo mini, da masu ƙahonni nake fara masa, sannan matan, sannan 'yan amshi. Tsari bai yi laifi ba. Amma ranar nan ta koya mini in fara duban fuskar mutum kafin in ɗauko kaset. Wanda ya zo da ciwo, daga inda ke masa zafi ake farawa.