Tsintsiyar Gwaggo a Cikin Kurmi

Ni mai lambu ne, ɗan mai lambu. A kan albasa da dashen mangwaro na buɗi ido. Shi ya sa ranar da wani Alhaji mai manyan motoci ya ce mini zai gina kurmi a cikin ɗaki, sai da na dubi fuskarsa ko zolaya yake yi. Yana da ɗan gidan zu a bayan garin Birnin Kudu, kan hanyar Gwaram: jiminu, birai, kura guda, da wani kada da ba ya aikin komai sai hamma. Ya ce yaran garinmu sun san kuka da aduwa, amma ba su taɓa shiga dajin da rana ba ta kaiwa ƙasa ba. So yake su shiga, su kuma ga kifi yana yawo da ransa, ba a kaskon suya ba.

Magina suka ta da dogon zaure, aka rufe shi da koriyar raga, aka jawo fayif daga burtsatse yana feshin ruwa kamar yayyafi. A tsakiya aka gina ɗan rafi na siminti, gefensa guda gilashi ne. Motocin Alhaji da suka kai shanu ƙasar Yarbawa suka dawo da dashen goro, koko, kwakwar manja da ayaba. Masuntan Gwaram suka kawo karfasa, kurungu da ragon ruwa. Aka danƙa mini komai. Alhaji bai yi mini rufa-rufa ba, ya ce, "Malam, in damina ta faɗi dashen nan bai kama ba, kajin gidan gona zan zuba a nan." Kaji! Wallahi maganar ta tsaya mini a wuya, don na riga na ƙwallafa raina a kan wurin.

To, akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ni na samo mata aikin shara a gidan, don ta ce zaman ɗaki ya ishe ta. Gwaggo mace ce mai tsabtar tsiya. Kafin in baro lambuna da safe ta share kurmin nan tas, ko ganye ɗaya babu a ƙasa, sai zanen tsintsiya layi-layi. Ta tsince duk abin da ya faɗa cikin rafi, ta dirje gansakuka da soso. Kowa ya shigo sai ya sa mata albarka, har da ni. A wurinmu ai wurin da aka share shi ne wurin da ake kula da shi.

Da bazara ta kankama sai abubuwa suka soma lalacewa. Mu jiƙa ƙasa da safe, kafin azahar ta bushe ta tsattsage. Ganyen koko ya ƙone ta baki-baki. Kifayen suka cure a kusurwa guda, kullum sai na tsamo matacciyar karfasa. Na ƙara taki, na ƙara ruwa, a banza. Da abin ya fi ƙarfina na kira Bayeraben da ya sayar mana da dashen, na kunna bidiyo ina zagayawa da wayar, har ina taƙama da tsabtar wurin. Sai na ji mutumin nan ya kurma ihu cikin gurɓatacciyar Hausarsa: "Ina ganye? Wa ya kwashe ganye?" Ashe busasshen ganyen da ke zuba shi ne mayafin ƙasar kurmi, shi ke riƙe danshi, in ya ruɓe kuma ya zama abincin itatuwa. Kifin ma a ƙarƙashinsa yake ɓuya, gansakukar nan kuwa cimarsa ce. Mu da hannunmu muke yi wa kurmin tsirara kowace safiya.

Na je na tsuguna gaban Gwaggo, na yi mata bayani da lallami. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, kanka ɗaya kuwa? In bar bola a wurin da baƙi za su shigo? A ce 'yar gidan wa ce mai sharar nan?"

"Gwaggo, ba bola ba ce, abinci ne."

"To ka ci mana."

Washegari na tarar da wurin fes, har ta yayyafa ruwa. Kwana na biyu ma haka. Ni kuma Allah bai hore mini sanyin zuciya ba. Na sayo kwaɗo na garƙame ƙofar, na jefa makullin a aljihu. Gwaggo ta daina amsa gaisuwata sai da ka. Tuwon da take aiko mini ran Juma'a ya tsaya cak. Abin ya dame ni ƙwarai, amma duk lokacin da na tuno kajin Alhaji sai in ƙara dafe aljihuna.

Ganye ya soma taruwa, amma na ƙananan dashe bai taka kara ya karya ba. Itatuwan sun daina mutuwa, ba su kuma yi tofo ba, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas.

Wata rana da hantsi ina ciki ina ban ruwa, na bar ƙofa a buɗe, sai na ga inuwar mutum. Gwaggo ce tsaye da tsintsiyarta a hammata. Na shirya wa faɗa. Amma ba ni take kallo ba, hanci take buɗawa. Ta tuɓe takalmanta ta shigo, ta taka jiƙaƙƙen ganyen nan a hankali, ta duƙa ta damƙo shi ta sansana.

"Zandam," ta ce. "Haka bakin rafin ƙauyenmu yake wari. Ni da ubanka mukan je ɗiban ruwa, ƙafa tana nutsewa cikin ganye har idon sawu, da rana tsaka ma duhu ne. Yanzu duk an sare, gonar riɗi ce." Ta share ido da bakin mayafi. "Ashe abin da kake ta haƙilon yi ke nan? To ai sai ka ce Zandam, ka tsaya kana yi mini karatu."

Ta sake duban ƙasan, ta yi tsaki. "Wannan ɗan ganyen me zai yi?"

Tun daga ranar sharar ta juya. Gwaggo ta share gidan zu kaf, gindin mangwaro da na maina, ta cika buhu, ta kawo cikin kurmi ta baza. Har daga unguwarsu take ɗauko ganye a ka, maƙwabta suna cewa tsohuwa ta zautu. Na ba ta makullin. Ƙasa ta yi baƙi ta yi laushi, har tsutsar tana ta fito, ruwan rafin ya koma kalar shayi. Kafin ruwan farko ya sauka, kokon da na fid da rai da shi ya fitar da jan tofo, kuma Gwaggo ce ta fara hango 'ya'yan karfasa, mitsi-mitsi, suna bin uwarsu a jikin gilashi. Alhaji ya zo ya zagaya, gumi na keto masa. Da zai fita ya ce a nema wa kajin wani wuri.

Ranar da aka fara kawo 'yan makaranta, wata malama ta leƙa ta ga ƙasa, ta yamutsa fuska ta ce, "Ikon Allah, wurin nan ba shi da mai shara ne?" Gwaggo na bakin ƙofa. Ta gyara riƙon tsintsiyarta ta ce, "Ni ce mai sharar, 'yar nan. Tuɓe takalmi ki shiga, ki taka ki ji."